Farin Luliyak na Todora

"Donka! Ke Donka, kin kurumce ne?"

Ina bakin murhu ina juya miyar wake, sai a kira na uku na ji shi, don gaskiya kunnena na hagu ya daɗe da yin ritaya. Na leƙa ta taga. Ga Zahari maƙwabcina can a tsakar gidansa, durƙushe cikin caɓin ƙanƙara, wuƙa a hannu, hularsa ta faɗi gefe. Na zura takalmin roba na bi ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu, ina tafe ina faɗa.

"Wane tsautsayin ne ya fito da kai? Likita cewa ya yi ka kwanta, ba cewa ya yi ka zo ka yi wa laka sujada ba."

"Ɗaga ni tukuna, ki yi surutun daga baya."

Na sa hannu a hammatarsa na ɗaga. Mutumin da a da yake saɓa buhun alkama shi kaɗai ya hau tsani da shi, yau ni tsohuwa na ɗaga shi ban ko yi nishi ba. Tun kaka yake ramewa. Likitan garin Lovec ya riga ya gaya mini a soro, ya ce ciwon ya ci ƙarfin huhun, sai dai lallaɓawa.

Zahari bai kula faɗana ba. Da bakin wuƙa ya nuna mini jikin katanga.

Luliyak ɗin marigayiya Todora matarsa ne, itacen furen nan, kwance a ƙasa. Ƙanƙarar ƙarshen Fabrairu mai nauyi ta danne shi, ta karya shi daga gindi, daidai inda aka yi masa aure, wato inda aka haɗa reshensa da gindin wani itacen. Rassan da suke zarce rufin gida tsawo sun baje a kan laka.

Luliyak ba abin kallo ba ne a wurinmu. Duk gangaren dutsen nan shi ne, ko akuya ba ta ɗaga kai ta dube shi, kuma duk ruwan shunayya yake yi. Na Todora ne kaɗai fari, fari tas, furensa ninki-ninki, ƙamshinsa har bakin coci. Lokacin da gwamnati ta gina dam ruwa ya shanye ƙauyensu, mutane suna ta lodin ƙofofi da tukwane, wasu har da ƙasusuwan iyayensu, ita kuwa rassa ta yanko daga itacen mahaifiyarta, ta naɗe a jiƙaƙƙen ɗankwali. Da ta iso nan ta aura su a kan gindin na daji. Duk amaryar da aka yi a ƙauyen nan da furen nan ta shiga coci, har ni. Ba wanda ya taɓa tunanin ya yanki reshe ya aura a gidansa. Me za a yi da wahala, ga shi nan bayan katanga?

Todora ta rasu, itacen ya zama aikin Zahari. Gindin na daji ne, kowace shekara sai ya turo nasa 'ya'yan daga ƙasa, in aka ƙyale su su shanye ruwan su kashe farin. Shi kuwa ya bi su da almakashi yana zagi, "'Yan iska, wa ya gayyace ku?" Bara ne kawai ciwo ya hana shi, suka samu sake suka fito birjik, kowanne kaurin babban yatsa.

"Rassan da suka faɗi ba su mutu ba tukuna," in ji shi, yana haki. "Barci suke. In muka yanka yau muka aura a kan 'yan iskan nan, za su kama. In suka buɗe ido shi ke nan, ba a aurar da wanda ya farka."

"Mu wa?"

Ya ɗaga mini hannuwansa. Rawa suke kamar na mai jin sanyi.

"Zahari, ni kaji na sani da tumatir."

"Kin aurar da 'ya'ya mata biyu, duk da halinki. Wannan ai mai sauƙi ne."

Na kawo masa kujera da bargo na naɗe shi. Ya sa na narka kakin zuma a gwangwanin kifi, na kekketa tsohon zanen girkin Todora mai shuɗi ya zama tsummoki. Sai in yanke ɗan dajin kusa da ƙasa, in tsaga kansa, in feƙe reshen farin ta gefe biyu, in cusa shi a tsagin har ɓawo ya haɗu da ɓawo, in ɗaure, in shafe da kaki. A faɗe ba wuya. Yatsuna da sanyin ƙashi ya murɗe su suka ƙi ba ni haɗin kai, shi kuma bakinsa bai huta ba.

"Yanka ɗaya ake yi! Ke albasa kike yankawa?"

"To zo ka yi."

"Kada ki taɓa wurin yankan da yatsa. Hannunki duk man alade."

"Hannun nan shi yake ciyar da kai, tsohon banza."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na tsaya riƙe da wuƙa har ya lafa. Ya ce in riƙa cire tohon da ke can kan reshe, mai ƙiba, don fure ne a ciki, zai shanye ƙarfin banza. Na cire na sauran. Na ƙarshen kuwa na ga tohon ya yi ɓul-ɓul, na ji ba zan iya ba, na bar shi. Idonsa bai kai ya gani ba.

Washegari ɗaya ga Maris ce. Na murɗa zaren ja da fari na ɗaura masa a wuyan hannu, shi ma ya ɗaura mini nawa, da ƙyar ya ƙulla. Kowa a ƙasar nan in ya ga shamuwar farko sai ya kwance nasa ya ɗaura a reshen da ya yi fure. Gidan Zahari ne kawai ba sa bin shamuwa. Tun zamanin Todora sai farin luliyak ya buɗe suke kwancewa, zaren ya yi baƙi ƙirin da dauɗa, yara suna yi musu dariya a hanya. Yanzu ba yaran da za su yi dariyar. An rufe makaranta, an rufe gidan waya, layinmu gida biyu ne kaɗai hayaƙi ke tashi.

"Bana fa sai ka bi shamuwa kamar mutane," na ce masa.

"Ki ji da naki."

Daga ranar bai sake taka tsakar gida ba. Gadonsa yana ɗakin da murhu yake, tagar kuma titi take kallo, don haka ni na zama idonsa. Kowace safiya in kawo masa kindirmo da burodi, kafin in ajiye kwanon ya tambaya.

"Yaya amaren?"

"Suna nan yadda ka bar su. Ci abinci."

Shamuwa ta dawo kan turken lantarki, na kwance zarena na ɗaura a itacen tufa. Ciyawa ta taso, ganye mai ƙaiƙayi da ƙaya suka rufe gindin katanga, ni kuwa bayana ba ya sunkuyon noma. Sai dai in buɗa ciyawar da sanda in leƙa. Biyu sun bushe, suka yi baƙi. Sauran na ga idanunsu sun kumbura, wata safiya kuma sai ga ɗan kore ya tsago.

Na shiga ɗakin ban ko goge takalmi ba.

"Sun kama, Zahari! Wallahi sun kama!"

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya koma, sai na ga ruwa yana bin gefen fuskarsa yana shiga kunne.

"Ba zan ga furen ba, na sani," ya ce. "Sai sun shekara uku ko huɗu. Ba gani nake so ba, Donka. So nake in na isa wurin Todora ta tambaye ni, in ce yana nan."

"Wa zai riƙa yanke masa 'yan daji in ka tafi? Ni ma fa ƙafata ɗaya tana waje."

"Ke? Ke mutuwa tsoron bakinki take ji."

Ɗansa ɗaya ne, Rumen, yana tuƙa babbar mota a ƙasar Sifen. Kowace Lahadi yana bugo waya, kowace Lahadi Zahari ya daidaita murya ya ce lafiyarsa ƙalau, mura ce kawai. Na gaji da jin wannan ƙarya. Na karɓi lambar a wurin Kosta mai kanti na kira yaron na gaya masa, in yana son ya tarar da ubansa da rai ya zo kafin bikin Ista. Ni na kira shi, kuma ko yau aka mayar da ni ranar sai na sake kira.

Ya iso ran Laraba ta makon Ista, da yamma. Yaron da na goya a baya, ga shi da furfura da tumbi. Ya shiga ɗakin da fara'a yana "Baba, ga ni," ya fito bayan ɗan lokaci ya same ni a kicin, ya kifa kai a kan tebur yana kuka kamar ba namiji ba.

"Gwaggo Donka, me ya sa ba a gaya mini da wuri ba?"

"Ka san ubanka."

"Me zan yi masa? Gaya mini abin da zan yi. In kai shi asibitin birnin Sofiya? Ina da kuɗi."

"Ka zauna kusa da shi. Shi ke nan abin da ya rage."

Amma Rumen ba mai iya zama ba ne, haka uwarsa take. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon tsakar gidan da ciyawa ta cinye, yana girgiza kai. Ya ce Mama ba ta taɓa bari Ista ta same ta da gida haka ba. Na ji ya faɗa. Na yi niyyar in nuna masa wurin amaren, sai Zahari ya yi kira daga ciki yana neman ruwa, maganar ta bi iska.

Alhamis ranar rina ƙwai ce, kuma kafin ta wuce dole kowane gida ya zama an share shi fes, don daga Juma'a ba a taɓa aiki. Tun da sassafe na ɗora tukunya da ɓawon albasa da jan rini. Na ji wani gurnani sama-sama, na ɗauka Kosta ne yake yankan itace can ƙasan ƙauye. Na rina ƙwan farko, ja wur, wanda ake shafa wa mutanen gida a goshi don lafiya. Na naɗe shi a ƙyalle da ɗuminsa, na ce bari in kai wa Zahari.

Da na buɗe 'yar ƙofar sai na tsaya.

Tsakar gidan ta yi fili. Daga bakin rijiya har jikin katanga ba abin da ya fi tafin hannu tsawo. Rumen ya aro injin yankan ciyawa na Kosta, mai faifan ƙarfe, ya bi ko'ina. Tsohon itacen da ya faɗi ya sassare shi gunduwa-gunduwa ya jera a rumfar makamashi, ƙananan rassan da suka riga suka bushe ya cinna musu wuta. Ciyawa da ƙaya ya tara su tuli guda, ga tsummokin shuɗi suna leƙowa daga ciki.

Ya kashe injin ya share gumi, fuskarsa a sake karo na farko tun zuwansa.

"Gwaggo, kin ga aiki? Wurin katangar nan ne ya ba ni wuya, duk ya zama daji. Har da tsummokara iska ta kwaso ta maƙala."

Na wuce shi na shiga ɗaki.

Zahari yana kwance ido biyu. Kofinsa na ƙarfe yana ƙasa, ruwa ya malale a daɓe, sandarsa ma ta faɗi. Ya yi ta bugawa ke nan, ya yi ta kira da muryar da ba ta kai bakin ƙofa, injin yana ta ci. Ya dube ni, na gane ya riga ya san abin da ya faru.

"Bari in je in..."

Ya cafke wuyan hannuna. Ban san inda ya samo ƙarfin ba.

"Kul," ya ce. "Kul, Donka. Ko bayan raina."

"Ai gara ya sani!"

"Ya sani ya yi yaya da shi? Ya ɗauka ya tafi da shi Sifen, ya yi ta tuƙi da shi? Shi kaɗai ne a motar nan, dare da rana."

Sai ga Rumen ya shigo, ciyawa manne a wandonsa, yana warin fetur.

"Baba, da ka ga tsakar gida. Ta koma kamar lokacin Mama."

"Na ji aikin," in ji Zahari. "Sannu, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Zo ka zauna nan ka huta."

Rumen ya zauna a bakin gado, uban ya ɗora hannu a kan gwiwarsa. Na tuna da ƙwan da ke hannuna, ya riga ya huce. Na shafa wa uban a goshi, na shafa wa ɗan, na faɗi abin da ake faɗa na fatan lafiya, muryata kamar ta wata.

Da rana, Rumen ya tafi mayar da injin, na je na tona tulin nan da hannu, ƙaiƙayi yana cin yatsuna. Yawanci faifan ya ragargaza su. Uku na samu da sauran kamanni. Biyu na kai bayan gidana na aura a kan na daji, na yi yanka ɗaya, ban taɓa wurin da yatsa ba, duk yadda ya koya mini. Amma sun riga sun buɗe ido. Kafin Lahadi ganyen ya langaɓe, ya bushe. Na ukun shi ne mai ƙaton tohon nan da na ƙi cirewa, har yanzu da kakinsa da tsummansa. Shi na sa a kofin gilashi da ruwa, na ajiye a tagar kicin. Ban gaya wa kowa ba, don ban san me zan ce ina yi ba.

Zahari bai ƙara tambayata amare ba. In na kawo kindirmo sai ya ce, "Ajiye," ya juya ga bango. In Rumen yana ɗakin kuwa sai ya yi ta jan sa da hira, wace hanya ce ta fi tsawo, me suke ci a can, matar tasa tana yi masa miyar wake kuwa. Ran Ista har ya karɓi jan ƙwai suka gwabza da ɗansa, nasa ya fashe, ya ce an yi masa maguɗi.

Ran Talata da la'asar ya cika, Rumen yana riƙe da hannunsa, ni ina riƙe da kyandir. Tsofaffin da suka zo suka yi ta cewa ya yi sa'a, wanda ya mutu a makon nan ƙofar sama a buɗe yake samunta. Na gyaɗa musu kai. Ni dai abin da ke cina shi ne tambayar da za a yi masa in ya shiga.

Da za a sa masa kwat ɗinsa na zuwa coci, Rumen ya ga zaren a wuyan hannunsa, ya yi baƙi, ya yi masa yawa har yana zamewa.

"Gwaggo, wannan fa? A bar masa?"

"A'a, bar mini shi."

Ban yanke ba, ta kan yatsunsa na zare shi, na sa a aljihu.

A wurinmu ba a zuwa wa mamaci hannu sake, kowa da furen gidansa yake zuwa ya ajiye a cikin akwatin. Lokacin luliyak ya fara, kuma shi ne abin da kowa yake da shi. Mu 'yan tsirarun da muka rage muka cika akwatin da shi har ƙirjinsa, duk ruwan shunayya. 'Yan iskan da ya ƙare rayuwarsa yana yankewa su suka raka shi. Fada, limamin coci, ya zo daga wani ƙauyen a gurguje, don yana da wata jana'izar. Muka ci dafaffiyar alkama a bakin kabari, muka watse.

Ranar da Rumen zai koma, ya manna takardar rasuwar a ƙofar gida kusa da ta uwarsa wadda rana ta kashe wa launi, ya kawo mini makulli. Ya tsaya yana kallon jikin katanga.

"Gwaggo, wai ina farin nan na Mama? Na ga guntayen itace, ban kawo a raina shi ne ba sai jiya da na ga furen mutane."

Saura kaɗan in gaya masa gaskiya. Na ji yatsun nan a wuyan hannuna.

"Ƙanƙara ce ta karya shi, tun Fabrairu."

"Kash. Amma gindin yana nan, ko? Zai sake tohowa?"

"Zai toho."

"To madalla. In na zo baɗi sai in gani." Ya rungume ni, ya shiga mota.

Ban yi masa ƙarya ba, zai toho. Tun a makon na ga jajayen kawuna suna tsago ƙasa a jikin katangar, da yawansu, ba mai zaginsu.

Kwana biyu bayan tafiyarsa na tashi da safe zan ɗora shayi, sai ƙamshi ya tare ni a ƙofar kicin. Na san shi tun kafin in duba. Tohon ya buɗe. Ɗan mitsitsin fure ne, bai fi kan babban yatsana ba, fari tas, ninki-ninki. Na ɗaga kofin na duba ta ƙasa, ko da wani farin zare ya fito. Ba saiwa ko ɗaya, bakin yankan ma ya fara yin baƙi.

Na zauna na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Da na gama na laluba aljihun rigar makoki na ciro zaren Zahari. Reshen ya yi siriri da yawa, sai da na zagaya sau da yawa kafin ya zauna. Na zubar da tsohon ruwan na sa sabo, na mayar da kofin taga, ta gefen da rana ba ta bugawa sosai.